Faifan Gyara a Gonar Baba Nomau

Cikin shekarun da na yi ina aiki a gidan rediyon karkara, akwai mako guda da har gobe bai fita raina ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labarinsa, to ku gyara zama. Ku da kuka zo aiki yanzu, kuna tura murya ta waya kamar ana miƙa goro, ba ku san wahalar faifai ba. Ni na san ta, don ta taɓa kai ni har tsakiyar gonar hatsi da wandon zuwa buro, wato ofis.

Gidan rediyonmu yana wani gari ne tsakanin Tajaye da Illela. Ɗaki uku ne kacal: situdiyo, buron shugaba, da ɗan ɗakin da nake zama da na'urori. Muƙamina teknisiyan, wato ni ke kunna inji, ni ke ɗaukar murya, ni ke haɗa waya idan ɓera ya ci. Shugabarmu ita ce Madam Rakiya, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, wadda ba ta ɗaga murya, sai dai ta dube ka ta saman tabarau ka ji ka koma ɗan aji ɗaya. Sai mai gadinmu, Baba Nomau, wanda shi ke share mana ɗakuna da safe. Manomi ne na gaske, gadin ma sana'ar rani ya ɗauke shi.

Kwamfuta guda muke da ita, wata tsohuwa da wani furoje, wato shirin masu agaji, ya bar mana da ya tashi. A lokacin ni kaɗai na iya taɓa ta a duk garin, kuma in faɗa muku gaskiya abin ya hau mini kai. Har tafiyata sai da ta sake.

Da ranin shekarar na ɗauki hira da wani dattijo mai suna Baba Arzika, maginin rijiya. Ya zauna a situdiyo fiye da awa guda yana jero rijiyoyin da ya gina tun yana saurayi, ɗaya bayan ɗaya: sunan gari, gaba nawa aka yi kafin a cim ma ruwa, wanda ya riƙe masa igiya, da inda dutse ya tare shi. Duk shirye-shiryenmu a kaset muke ɗaukarsu, amma wannan, don in nuna gwaninta, sai na ɗauke ta kai tsaye cikin kwamfuta. Ba ta ko'ina sai can. Kafin mu sa ta a iska damina ta faɗi, shirin manoma ya cinye lokaci, sai kuma Allah ya yi wa dattijon rasuwa.

Wata ranar Litinin, hatsi ya fara ido a gonaki, sai ga ɗiyarsa Hajo. A Malbaza take zaune, tana sayar da tuwo ga direbobin motocin siminti. Ta gaishe mu, muka yi mata ta'aziyya, sannan ta dubi Madam.

"An ce muryar baba na nan wurinku," in ji ta. "Jumma'a ta bisa za a yi sadakar arba'in, dangi duk suna taruwa. So nike bayan an shahwa hwatiha jikokinai su ji shi. Ko hoto guda bai bari ba."

Madam ta juyo gare ni. Na bugi ƙirji na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ta dawo ranar Alhamis ta sama ta tarar da shi a faifai.

Bayan ta tafi Madam ta ce mini ita fa ba ta son ƙarar da kwamfutar nan ta fara yi. Gaskiyarta ne, ta yi kwanaki tana wani ƙas-ƙas kamar kaza na tsattsagar tire. Ta ce in tafi Konni in sayo fayafayai fanko, in kwashe duk abin da ke ciki in adana, in fara da Baba Arzika.

Bari in yi wa waɗanda ba su riski zamanin ba bayani. Faifai fanko shi ne sabo wanda ba a sa masa komai ba. Ana sa shi cikin ɗan aljihun da ke fitowa daga gaban kwamfuta, ita kuma ta rubuta masa abin da ka zaɓa, abin da muke ce wa grabe. Fayafayan nan gida biyu ne, akwai sede, akwai debede. Girmansu ɗaya, ramin tsakiyarsu ɗaya, in ka jera su ba ka ce ga bambanci ba, amma debede yana cin kayan sede wajen shida. Kowane inji kuma da irin wanda yake iya rubutawa, an ma buga alamar a bakin aljihun da ƙananan haruffa. Namu yana karanta duka biyun, amma sede kaɗai yake rubutawa. Ni ban taɓa duƙawa na duba ba. Na ga ana sa masa fim na debede yana nunawa, shi ke nan na yanke hukunci.

Ranar Laraba, ranar kasuwa, na shiga mota da sassafe sai Konni. Na nufi rumfar wani Malam Sani, dattijo mai sayar da kayan rediyo da fayafayai, wanda yake yi wa mutum ciniki da sefa ko da naira, duk wanda ya zo hannu. Na ce a ba ni mai cin kaya da yawa.

"Mushe, injinka wane iri na?" in ji shi. "Mi anka rubuta ga bakinai?"

Jin an kira ni Mushe, kiran girmamawa na Faransanci, sai na gyara wuyan riga na ce, "Malam, ni teknisiyan na. Ba ni abin da nac ce."

Bai yi musu ba. Ya sauko da tulin debede guda hamsin a soke a sanda ɗaya, ya miƙo mini. Har na juya sai ya kira ni, ya zaro wani faifai guda cikin ƴar takardarsa.

"Ga gyara. In waɗanga sunka ƙiya maka, gwada wanga."

Na karɓa ina dariya a raina. Gyara ai sai mai sayen gyaɗa ko tumatir, ban taɓa jin an yi wa teknisiyan gyaran faifai ba. Na jefa shi cikin jaka na manta da shi.

Bayan azahar ina cikin ɗakina. Na sa na farko, inji ya haɗiye, ya yi gurnani, ya tofo shi waje. Na sa na biyu, haka. Na goge na uku da hannun riga, na hura wa na huɗu iska, na yi bisimilla a kan na biyar. Kafin la'asar na gwada fiye da ashirin, gumi ya jiƙa mini baya, ina ta zagin ƴan kasuwar Konni da kayan jabu. Duk wannan abin Baba Nomau yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon tulin da ke kan tebur, idonsa na ƙyalli.

"Mushe Isuhu," ya ce a hankali, "waɗanga madubban hwa, in ba su da amhwani..."

"Baba, kwashe su duka gobe da sahe. Kada in sake ganinsu."

Ya yi godiya kamar na ba shi rago. Ban ma tambaye shi abin da zai yi da su ba.

Sai da na yi sallar la'asar hankalina ya ɗan dawo, na tuna da gyara. Na zaro shi na sa don kawai in cika hujjata a kan Malam Sani. Inji ya haɗiye, ya yi shiru, sai ga shi ya fara rubutu lafiya lau. Sede ne. Sede minti tamanin yake ɗauka na murya, hirar Baba Arzika kuwa ta cika shi kusan har baki. Na rubuta ta yadda kowace rediyo mai cin faifai za ta iya karantawa, na kai situdiyo na gwada, na ji tarin dattijon da sallamarsa tar. Daɗi ya kama ni har na yi ƴar rawa ni kaɗai. Na nemi alƙalamin rubutu a kan faifai, na tarar ya bushe. Na ce gobe na sayo wani. Na aje faifan a kan tebur, bisa tulin ƴan'uwansa, na rufe ɗaki na tafi gida.

Ranar Alhamis na koma Konni, wannan karon da ladabi. Malam Sani yana hango ni ya fara murmushi.

"Teknisiyan, an dawo lahiya? Gyara ta yi aiki?"

Na ce ta yi, na kuma roƙe shi gafara. Ya jawo mini benci ya ba ni darasin da babu wanda ya ba ni a wurin horo. Ya ce kafin ka sayi faifai, duba bakin injinka tukuna. Mai harafin R sau ɗaya ake rubuta shi, mai RW ana gogewa a sake, amma tsofaffin rediyoyi sukan ƙi shi. Debede ma kashi biyu ne, mai alamar ƙari da mai alamar ragi, kuma akwai tsohon injin da sai ɗaya yake karɓa. Sannan ya kifa mini guda biyu a tafin hannu ya ce in duba cikinsu: na debede ruwan makuba ne, na sede kuwa irin wanda ya ba ni da ɗan kore-kore. Na sayi sede mai R da sabon alƙalami, na kamo hanya ina jin kaina malami sabo.

Da na iso na danna kwamfuta. Ta yi ƙas-ƙas sau uku, ta yi tsit. Na kashe na kunna, na zare waya na mayar, na shafa mata baya kamar jaki mai gardama. Ko motsi. Ta tafi ke nan. Na ce to alhamdu lillahi, waƙoƙi da sanarwa ana samun wasu, tsofaffin shirye-shirye suna kaset, Baba Arzika kuma yana faifai. Na juya wajen tebur.

Tebur fes. Baba Nomau mutum ne mai cika umarni, ko ƙura bai bari ba.

Na tafi buron Madam na tsaya kamar ɗan lakwal da ya fasa allo.

"Ka rubuta suna bisa gare shi?" ta tambaye ni.

"A'a, Madam."

"Kai kac ce ma Baba Nomau shi kwashe?"

"Awo, Madam."

Ta cire tabaran ta aje a kan tebur. Ban taɓa ganin ta yi haka ba, kuma na gwammace kallon saman tabaran sau goma. Ta ce Baba Nomau ya karɓi hutun kwana uku tun da safe, ya tafi tsaron tsuntsaye a gonarsa da ke wata tunga mai nisa, ba shi kuma da waya. A nan ne na gane abin da zai yi da madubbansa.

Ranar Juma'a aka kwana ana ruwa aka wuni ana yi, ƙoramar da ke kan hanyar tungar ta cika, ba mai ƙetarewa. Na wuni ina kallon sama ina tunanin faifan nan a rataye a waje, ruwa na dukansa, in an ɗauke kuma rana ta gasa shi. Faifan da aka rubuta ba ya shiri da rana. Tuwo ma a ranar ban san ɗanɗanonsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne fuskar Hajo, da ƙirjin da na buga a gabanta.

Asabar da safe na tayar da babur. Sai ga Madam ta ɗaure zane ta hau baya.

"Ba ni barin ka tahi kai ɗai," in ji ta. "Kada ka je ka ce ma tsuntsaye su kwashe sauran."

Tun daga nesa muka gane gonar. Ku da kuka tashi a karkara kun san in hatsi ya fara ido ƴan jan baki suna sauka kamar hadari, manoma su ja igiyoyi su rataya gwangwani da tsumma da leda. To gonar Baba Nomau ta wuce nan. Ko'ina walƙiya take yi, faifai hamsin suna juyawa a iska suna watsa haske, ko tsuntsu guda babu a samanta. Baba Nomau ya taho da sauri yana washe baki, ya ɗauka yabon aikinsa muka zo.

"Mushe Isuhu, Allah shi yi maka albarka! Kwana ukun ga har barcin rana nika yi. Duba gonar maƙwabcina can, su ka shan wuya!"

Na yi masa bayani a gurguje. Ya riƙe baki, ya ce shi ai an ce duka. Na ce haka ne, Baba, laifin nawa ne. Muka kutsa cikin hatsin da ya fi mu tsawo, ni ta gabas, Madam ta yamma, muna kamo kowane faifai muna kifawa. Makuba. Makuba. Makuba. Takalmina ya nutse a laka, ƙarangiya ta mamaye mini wando har gwiwa. Ina jiyo Madam can cikin karan hatsi tana faɗin abin da za ta rubuta a takardata ta ƙarshen shekara. Muka gama igiyoyin kaf, ba mai kore ko ɗaya.

Na zauna a kan kunya na dafe kai. Baba Nomau ya tsuguna kusa da ni.

"Wai wane launi kuka biɗa?"

"Mai kore-kore, Baba. Guda ɗai na."

"Af! To ku ce haka mana. Wanga ai na ga ya hi su kyau, shi na rataye cikin runhwa ina duba gemuna."

Na tashi da gudu. Ga shi kuwa cikin ƴar rumfar kara da yake fakewa, a inuwa, ruwa bai taɓa shi ba, rana ba ta gan shi ba. Gemun Baba Nomau ne ya cece mu. Na miƙa hannu ina hamdala, sai na ga inda igiyar ta bi. Ba ta ramin tsakiya ya sa ta ba. Ya ɗumama ƙusa a wuta ya huda faifan a gefe, kamar yadda ya yi wa sauran duka.

"In ka sa igiya ga ramin tsakiya ba shi juyawa da kyau," ya ce, yana mini bayani irin na gwani ga ɗan koyo.

Abu guda na riƙe a raina muna dawowa: inji daga tsakiya yake fara rubutu, yana faɗaɗawa zuwa baki. In haka ne, ƙarshen hirar hujin ya ci, ba farkonta ba.

A situdiyo na sa reza na kankare tudun robar da ƙusa ta narkar, a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Na wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu, na goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Na sa kaset a ɗaya injin don ya riƙa kwafa nan take, sannan na danna. Sai ga tari, sai ga sallama. Madam ta ce Allahu akbar. Muka zauna muka saurara fiye da awa guda ba wanda ya motsa, rijiya bayan rijiya. Can wajen ƙarshe muryar ta fara sarƙewa, ta maimaita kalma guda sau uku, ta yanke. Na duba agogo. Kamar minti huɗu ne suka tafi. Na yi kaset na biyu, na rubuta suna a kan kowanne har da faifan, da manyan baƙaƙe.

"Kai za ka gaya ma Hajo da bakinka," in ji Madam.

Ranar Alhamis Hajo ta zo, har da ƙwaryar fura ta kawo mana ta godiya, abin da ya ƙara mini nauyi. Na zaunar da ita a situdiyo na faɗa mata komai, tun daga gyaran wuyan riga a Konni har gemun Baba Nomau. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta fashe da dariya har tana share ido da gefen mayafi.

"Wato baba ya yi kwana uku shina tsaron hatsi! Wallahi da shina da rai shi ad da hwara dariya."

Na kunna. Da ta ji sallamarsa dariyar ta tsaya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Haka ta zauna har ƙarshe, wani wuri ta gyaɗa kai, wani wuri ta ce haka ne. Muka iso inda nake tsoro. Dattijon ya ce, "Daga nan kuma sai ta, sai ta, sai ta..." Shiru.

Na buɗe baki zan sake ba da haƙuri. Ba ta ko ɗago kai ba, sai ta ɗora daga inda ya tsaya, da irin jan maganarsa. Ta faɗi rijiyar bakin kasuwa da zurfinta da wanda ya riƙe igiya. Ta faɗi ta mashayar Fulani, inda dutse ya karya masa diga.

"Sai ta cikin gida," ta ce, "wadda yag gina ma inna shekarar da anka haihe ni, don ta bar tahiya ɗibar ruwa da goyo. Kullum da ita shika ruhewa."

Haka kuwa ya rufe a ranar da na ɗauke shi, na tuna sarai. Na roƙe ta ta maimaita a gaban makirfo, ta yarda, muka ɗora muryarta a ƙarshen kaset ɗin. Da shi aka yi sadakar arba'in. Labari ya iso mana cewa dangi sun ɗauka da gangan muka tsara shi haka, wasu har suna yabon gwanintar teknisiyan. Madam ta dube ni ta saman tabarau, na sunkuyar da kai.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi. Ban sake sayen abin da za a sa wa inji ba sai na duƙa na karanta bakinsa. In mai kaya ya tambaye ni, ina amsa masa, don ya fi ni ganin masu dawowa da kaya a hannu. Abin da ba shi da na biyu kuma, ba na tashi daga kujera sai na yi masa na biyu na rubuta suna, ko da gawayi ne. Ku ma abin da nake so ku ɗauka ke nan, ko da wace irin na'ura kuke aiki yanzu, don mutanen da ke shigowa situdiyon nan ba duka ne za su sake dawowa ba.

Hajo tana nan a Malbaza. Duk sanda na bi ta wurinta sai ta zuba mini tuwo da miya har da ƙarin nama, ta tambayi lafiyar Madam da gemun Baba Nomau, mu yi dariya. Minti huɗun nan kuwa da ubanta ya rufe da maganar mahaifiyarta da bakinsa, ni kaɗai na taɓa jin su a duniya, kuma ni na ɓatar mata da su. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya.